Neman shawara: digiri na biyu a fannin mu'amalar mutum da kwamfuta da ilimin daidaita aiki da ma'aikaci

Ɗan Birnin Kebbi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida malamai da yayyena na wannan zaure, da fatan kowa ya wuni lafiya. Akwai maganar da na daɗe ina juyawa a raina, na ga gara in kawo ta gaban waɗanda suka riga ni nisa a karatu, ko Allah zai sa in samu haske.

Ilimin kwamfuta na karanta a digiri na farko, na fita da sakamako mai daraja ta biyu, na kuma kammala hidimar ƙasa shekara biyu da suka wuce. Tun daga lokacin nake riƙe da wani ɗan shago a nan Birnin Kebbi, inda muke yi wa jama'a cirar kuɗi da turawa da na'urar POS, sannan idan jarrabawar JAMB ta gabato mu koya wa yara yadda ake amsa tambayoyi a kwamfuta. A wannan shago ne tambayata ta samo asali.

Kwanakin baya wani dattijo mai fataucin albasa daga Aliero ya zauna a bencina yana son tura wa ɗansa kuɗi da ƙaramar wayarsa, ta hanyar lambobin nan da ake farawa da alamar tauraro. Ya danna, rubutu ya fito da Turanci, na fassara masa, sai ya zaro wata 'yar takarda daga cikin hularsa wadda aka rubuta masa lambar asusun, lambobi goma cif. Yana duba takarda yana duba waya, kafin ya kai ta bakwai sai abin ya katse, aka koma farko. Sau uku ana haka. Daga ƙarshe ya miƙo mini wayar, ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi a gaban mutum biyar da ke jira, ya ce, "Ɗana, yi mini, mu zamani ya wuce da mu." Maganar ta tsaya mini a rai, domin wannan bawan Allah da ka yake lissafa kuɗin buhu arba'in da ladan 'yan dako da kuɗin mota kafin ni in gama dannawa a kalkuleta. Ban yarda a kansa matsalar take ba. Ina ganin wanda ya tsara abin ne bai taɓa zama kusa da irinsa ba.

Haka wata yarinya mai ƙoƙari ƙwarai, da na ce mata ta kai kibiya sama, sai ta ɗaga linzamin kwamfutar gaba ɗaya daga kan tebur, kuma abin da na faɗa ta yi. Ni kaina, bayan na wuni a benci marar majingini ina sunkuye a kan allo, wuya da ƙugu ba sa barina barci.

Da na shiga bincike sai na tarar akwai fannin da ake kira HCI, wato nazarin mu'amalar mutum da kwamfuta, da kuma wani da ake kira ergonomiks, wato ilimin daidaita aiki da ma'aikaci, har wasu jami'o'i suna haɗa su a digiri na biyu guda. Ina roƙon a bayyana mini bambancinsu, a kuma gaya mini ko mai digiri irin nawa zai iya shiga, da inda ya kamata in nema, a gida ko a waje. Abin da mahaifina ya tambaye ni shi ma ina so a taimaka mini da amsarsa: idan an gama, a ina ake cin abinci da shi?

Malamin jami'a ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, labarin dattijon nan da ka kawo ya fi mini yawancin takardun neman gurbi da nake karantawa, domin abin da ake shafe shekara ana ƙoƙarin cusa wa ɗalibin wannan fanni ke nan, ya daina ɗora laifi a kan mai amfani da kaya, ya koma ya tuhumi kayan da wanda ya tsara su. Kai ka riga ka tsallake wannan mataki tun daga shagonka.

Fannonin biyu tsatsonsu ɗaya ne, amma ergonomiks ce babba. Kalmar daga Girkanci take, an haɗa aiki da ƙa'ida, kuma wani masani ɗan ƙasar Folan ne ya fara amfani da ita a 1857, sai dai ba ta zama ilimi mai zaman kansa ba sai a yaƙin duniya na biyu. A lokacin, matuƙan jiragen yaƙi na Amurka samfurin B-17, waɗanda suka sha horo, sukan dawo daga fagen fama lafiya, amma wajen sauka sai su taɓa madannin naɗe tayoyi maimakon na fukafukan rage gudu, jirgi ya zube a kan cikinsa. Rahotanni duk suna cewa kuskuren matuƙi ne. Da wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Alfons Chapanis ya shiga ɗakin tuƙin ya duba, sai ya ga madannan biyu kamarsu ɗaya kuma suna kusa da juna, mutumin da ya gaji kuwa hannunsa ba ya bambance su. Aka liƙa wa na tayoyi wata 'yar taya ta roba, aka yi wa ɗayan wata siffa dabam yadda hannu zai gane ko ido bai duba ba, kuskuren ya kau. Daga irin wannan aiki aka kafa ƙungiyar masana fannin a Ingila a 1949, ta duniya kuma a 1959.

Ita HCI ta tsiro ne a farkon shekarun 1980, sa'ad da kwamfuta ta fita daga hannun ƙwararru ta shiga ofis da gida, aka wayi gari akawu da malamin makaranta suna amfani da abin da injiniya ya yi wa kansa. Ta gaji abubuwa da yawa daga yayarta. Alal misali, a 1954 Paul Fitts ya nuna da gwaji cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya kai ga wani abu ya danganta da nisan abin da kuma girmansa, kuma da wannan ƙa'ida ake auna girman madanni a allon waya har yau. Akwai kuma darasin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979, inda wata fitila ta nuna wa ma'aikata kamar wani bawul, wato marufin bututu, ya rufe, alhali abin da take nunawa shi ne an aika masa umarnin rufewa, shi kuwa a buɗe ya maƙale. Ma'aikatan sun yi aiki da abin da allon ya gaya musu. A taƙaice, ergonomiks ta ƙunshi jiki da hankali da tsarin wurin aiki baki ɗaya, HCI kuwa ta fi mai da hankali ga abin da ke tsakanin mutum da na'ura mai manhaja.

Ka sani cewa wannan karatu ba rubuta manhaja ne ginshiƙinsa ba, kuma a nan ne masu digiri irin namu suke shan wuya. Za ka karanta yadda ido ke gani, da yadda hankali ke rarrabuwa, da ƙarancin abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda, wanda shi ne ya kayar da dattijonka tsakanin takarda da waya. Za ka koyi tsara gwaji da ƙididdiga, da yin hira ba tare da ka sa wa mutum magana a baki ba, da zama a gefe ka kalli mutum yana fama da abin da ka ƙera ba ka ce masa uffan ba. Wannan na ƙarshen ya fi duka wuya. Akwai ma'aunai da aka daɗe ana amfani da su, kamar tambayoyi goma na SUS da John Brooke ya tsara a 1986 don auna sauƙin amfani da na'ura. Jakob Nielsen kuma ya shahara da ra'ayin cewa gwaji da mutum biyar kan fito da mafi yawan matsalolin tsari, ko da yake ni ina gargaɗin ɗalibaina cewa wannan yana aiki ne idan mutanen iri ɗaya ne. Ba za ka gwada da ɗaliban jami'a biyar ka ce ka san halin 'yan kasuwar Jega ba.

Batun yarinyar linzami kuwa, ka lura cewa hukumar JAMB ta tanadi a iya amsa jarrabawarta da madannai kaɗan, A zuwa D na amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙa aiki, ba sai an taɓa linzami ba. Wannan shawara ce irin ta masu wannan ilimi.

A jami'o'inmu abin da aka fi samu shi ne HCI a matsayin kwas a cikin digirin kwamfuta, ergonomiks kuma a sassan injiniya, kamar sashen injiniyan masana'antu na Jami'ar Ibadan, ko sassan injiniyan aikin gona. Saboda haka idan a gida za ka yi, ka nemi digiri na biyu a ilimin kwamfuta, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko ta Ahmadu Bello ko ta Bayero ko wata, ka karkatar da kundin bincikenka zuwa wannan ɓangare. Sakamakonka ya isa neman gurbi. Amma shawarata mafi nauyi ita ce ka nemi malamin da zai duba aikinka tun kafin ka sayi fom. Ka duba abin da malaman sashe suka wallafa, ka je ka zauna da wanda ka ga yana sha'awar mutane ba na'ura kaɗai ba, domin idan ka faɗa hannun wanda yake ganin hira da 'yan kasuwa ba kimiyya ba ce, shekara biyu za ka yi kana kare kanka maimakon yin bincike.

Malama daga Argungu ta amsa:

Assalamu alaikum. Allah ya saka wa Malam da alheri, ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai na ga ya wuce ɓangaren jiki da sauri, ni kuwa a nan nake aiki, a sashen gashin ƙashi na wani asibiti, kuma a kan ciwon baya na masu aikin ƙarfi na yi digirina na biyu. Ƙanena, ka ambaci wuyanka da ƙugunka a ƙarshen magana kamar abin da ba shi da muhimmanci, alhali rabin fannin da kake tambaya ke nan.

Bari in fara da bencinka. Ka samu kujera mai majingini da za ta tallafi ƙasan bayanka, tafin ƙafarka ya zauna a ƙasa sosai, gwiwar hannunka ta yi daidai da saman tebur, saman allon kwamfuta kuma ya yi daidai da idonka ko ƙasa kaɗan, a nisan tsawon miƙaƙƙen hannu. Idan kwamfutar tafi-da-gidanka ce, ka ɗora ta a kan littattafai ka sa mata allon madannai dabam. Ka kuma riƙa miƙewa kana ɗan takawa a kai a kai, domin babu zaman da yake da kyau idan ya daɗe.

Abin da ya sa nake so ka kalli wannan ɓangare da idon basira shi ne yawan abin da muke gani a nan. Jiharmu ta yi suna a noman shinkafa, a nan aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma lamuni na Babban Bankin Nijeriya a 2015, kuma an kafa manyan injinan casa a Argungu da Birnin Kebbi. Ana ta lissafin tan nawa aka noma, amma ba a cika lissafa bayan wanda ya noma ba. Mai dashen shinkafa a fadama yakan wuni a sunkuye ƙafa cikin ruwa. Mace mai turara shinkafa tana ɗaga tukunya mai nauyi daga murhu na ƙasa, ga hayaƙi ga zafi, a watan Afrilu da ma'auni ke haura digiri 40. Ɗan dako yana saɓa buhu mai kilo 50 sau ba adadi a rana, alhali hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ɗauki kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya kamata a ɗaga da hannu biyu a yanayi mafi kyau, wato kayan suna kusa da jiki, ba murɗa ƙugu, ba yawan maimaitawa. Da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya canza, sai iyakar ta ragu. Masu injin niƙa kuwa kunnuwansu ne ke tafiya a hankali ba su sani ba, domin ƙarar da ta kai desibel 85 ba a so a wuce awa takwas a cikinta.

Akwai wani tela da ya zo wurina, shekarunsa ba su kai arba'in ba, kafaɗarsa ta dama ta riƙe har ba ya iya ɗaga hannu ya sa hula. Na yi masa gashi na makonni, ya samu sauƙi, ya koma aiki, ciwo ya dawo. Sai na roƙi izini na je shagonsa. Na tarar kujerarsa guntuwa ce ƙwarai a gaban teburin keken, yana ɗinki kafaɗu a ɗage, ga hasken daga bayansa yake zuwa, dole ya kai fuska dab da allura. Kafinta ya ƙara wa kujerar tsawo, muka juya keken ya fuskanci ƙofa. Abin da gashi ya kasa, katako da ƙusa suka yi shi. Tun ranar na gane cewa a asibiti ƙarshen labari kawai muke gani.

Idan ka shiga wannan ɓangare za ka karanta sassan jiki da yadda tsoka da gaɓoɓi ke ɗaukar nauyi, ka koyi ma'aunai irin su RULA na 1993 da REBA na 2000, waɗanda ake ba da maki da su ga yanayin tsayuwa ko zaman ma'aikaci. Za ka kuma koyi awon jikin jama'a, domin ƙa'ida ita ce a ƙera kujera ko tebur da zai dace da mafi yawan mutane, a bar kashi 5 cikin ɗari na mafi ƙanƙanta da kashi 5 na mafi girma. Matsalarmu ita ce yawancin kayan da ake shigo mana da su da awon wasu al'ummu aka yi su, kafintocinmu kuma da ido suke yi. Duk wanda ya ɗauki tef ya auna ɗaliban firamare na ƙaramar hukuma guda, ya fitar da tsawon bencin da ya dace da kowane aji, ya yi aikin da za a daɗe ana amfana da shi. Akwai ƙungiyar masana ergonomiks ta Nijeriya, ka neme su. Ba ina cewa ka bar kwamfuta ba ne, ina so dai ka tuna cewa mai riƙe da wayar nan yana da idon da ya fara rauni, da yatsun da fartanya ta kausasa har na'urar ɗaukar zanen yatsa ba ta gane su.

Injiniya daga Zuru ya amsa:

Salamu alaikum. Ni na yi wannan karatu a Ingila da tallafi, yanzu ina aiki a Abuja, don haka zan tsaya a kan batun waje da kuma tambayar Baba, wadda tambaya ce ta gaskiya da bai kamata a kauce mata ba.

A Ingila digiri na biyu shekara ɗaya ne cur, wata shida zuwa bakwai na darussa, sauran na bincike, kuma gudu ake yi ba numfashi. Jami'ar UCL da ke Landan tana da cibiya ta musamman da sashen kwamfuta da na halayyar ɗan Adam suka haɗu suka kafa, Jami'ar Loughborough ta daɗe da suna a ergonomiks, ta Nottingham kuma tana koyar da duka biyun. A Amurka, Jami'ar Carnegie Mellon ce ta fi shahara, amma kuɗinta ba na ɗan talaka ba ne. A Jamus akwai jami'o'in gwamnati irin ta Siegen da ke koyar da HCI da Turanci cikin shekara biyu, yawancinsu ba sa karɓar kuɗin koyarwa, sai dai kafin a ba ka biza za a nemi ka nuna kuɗin zama na shekara, wanda ya haura Yuro 11,000. Kada kuma ka manta da Afirka ta Kudu. Jami'ar Cape Town ta yi aiki mai yawa a kan wayar hannu a hannun talakan Afirka, kuma masana fannin na nahiyarmu suna da taronsu, AfriCHI, wanda aka fara a Nairobi a 2016.

Batun tallafi, Chevening ta gwamnatin Birtaniya tana neman ƙwarewar aiki ta shekara biyu da alƙawarin dawowa gida na shekara biyu bayan kammalawa. Akwai na Commonwealth, da DAAD ta Jamus, TETFund kuwa ta malaman manyan makarantun gwamnati ce. Ka fara neman takardar sakamakonka daga jami'a tun yanzu domin takan ɗauki lokaci, ka kuma shirya wa jarrabawar Turanci ta IELTS. A wasiƙar neman gurbi kada ka cika ta da cewa kana ƙaunar fasaha tun kana yaro. Kowa haka yake rubutawa. Ka rubuta dattijon albasa kamar yadda ka rubuta mana shi.

Aiki kuwa, gaskiyar magana a jiharmu ba za ka ga an tallata gurbi da wannan suna ba. Inda ake ɗauka shi ne bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya a Legas da Abuja, da ƙungiyoyin da ke ƙera manhajojin lafiya da na noma, da sassan kula da lafiya da kariyar ma'aikata a masana'antu, sai kuma koyarwa. Su kamfanonin ba takarda suke fara dubawa ba, ayyukan da ka taɓa yi suke so su gani: wace matsala ka gano, ta yaya ka gano ta, me ka canza, me ya biyo baya. Na ga masu digiri na biyu da suka rasa aiki saboda ba su da abin nunawa, na ga kuma waɗanda suka koyi Figma, manhajar zana fuskar manhajoji, a gida suka samu. A nan na ɗan saɓa da Malam: idan aikin kamfani kake so, ba lallai ne ka fara da digiri ba. Amma idan kana so ka zama mai bincike da za a saurari maganarsa, digirin ya zama dole. Abin da kake da shi wanda ɗan Legas ba shi da shi shi ne harshe da amanar mutane, kuma ana neman wannan fiye da yadda kake zato, domin masu manhajojin nan sun san akwai miliyoyin mutane a Arewa da ba su kai gare su ba.

Ɗan Birnin Kebbi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi da ɗaukaka. Na karanta wa mahaifina amsar Injiniya, ya ce tunda ba a ɓoye masa wahalar ba, ya amince in gwada. Yaya Malama, na sa kafinta ya fara haɗa kujerar.

Zuciyata ta fi karkata ga in yi a gida, in yi bincike a kan tura kuɗi ta ƙaramar waya ga waɗanda ba sa karanta boko, wataƙila ta hanyar murya da Hausa. Na ga an yi irin wannan a Indiya, inda aka gwada allo mai hotuna da murya ba rubutu. Malam, kafin a buɗe sayar da fom, me zan fara yi da hannuna don kada in je wa mai duba aiki da baki kawai?

Malamin jami'a ya sake amsawa:

Madalla. Maganar Injiniya gaskiya ce, ban ƙi ta ba, kuma abin da zan ce ka yi zai amfane ka ko wace hanya ka bi.

Kada ka fara da murya tukuna, domin ka riga ka zaɓi magani kafin ka gama sanin ciwon. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka sayi littafin rubutu, ka ware wata biyu, duk wanda ya zo shagonka da matsalar tura kuɗi ka nemi izininsa a fili, ka gaya masa dalili, idan ya ƙi ka ƙyale shi ba tare da ya ga canji a fuskarka ba. Wanda ya yarda, ka bar shi ya gwada da kansa, ka rubuta matakin da ya tsaya, da daƙiƙa nawa ya ɗauka, da abin da ya faɗa da bakinsa kalma da kalma. Kada ka rubuta suna ko lambar asusu, lambar sirri kuwa ka kau da kai sa'ad da ake danna ta. Idan ka shiga jami'a kwamitin ɗa'ar bincike zai nemi wannan duka, gara ka saba tun yanzu.

Ka bambance mutanenka da kyau. Wanda ba ya karanta boko amma yana karanta ajami ba ɗaya yake da wanda ba ya karatu sam ba, wanda kuma ya san lambobi amma Turanci ne ke tare shi, fassara kawai yake buƙata. Za ka iya tarar da cewa ƙara wa'adin katsewa, ko ajiye lambar asusun da aka saba turawa, ya fi murya amfani. Ita muryar ma tana da nata matsaloli: a tsakiyar kasuwa ana hayaniya, kuma ba kowa ke so waya ta faɗi adadin kuɗinsa a ji ba. Sannan wace Hausa? Idan aka horar da na'ura da Kananci, dattijon da ke cewa "mi" da "shina" zai sake komawa inda ya fito. Ga kuma masu Zabarmanci da Fulatanci da Dakarci a cikin jihar nan. Matan da ke cikin gida ba za su zo shagonka ba, saboda haka ka nemi wata 'yar'uwarka ka koya mata yadda ake lura da rubutawa, ta shiga inda ba za ka shiga ba, in ba haka ba bincikenka na maza ne kaɗai.

Bayan haka ka yanka kwali daidai girman waya, ka zana matakan da kake ganin sun fi sauƙi, kowane mataki a takarda dabam, ka sa mutum ya danna da yatsa kai kana canza takardun. Ba ka kashe ko sisi a kan manhaja ba, amma za ka ga inda tsarinka ya karye. Idan dattijon Aliero ya dawo, da shi za ka fara. Idan littafin ya cika ka sanar da ni a nan, mu sa rana ka kawo shi mu duba tare kafin ka rubuta takardar ƙudurin bincike.